Me ya fi muhimmanci ga mai aikin lafiyar ƙwaƙwalwa?

"Assalamu alaikum Anti. Na gama karatun aikin jinya a Gusau, yanzu ina aiki a wani asibiti a Talatar Mafara. Ina sha'awar in ƙaro karatu a ɓangaren masu taɓin hankali, amma a gida ana ta hana ni, wai duk wanda ya daɗe a cikinsu shi ma sai ya taɓu. Ke da kika daɗe a wannan aiki, me kike ganin ya fi komai muhimmanci a cikinsa? Sanin magunguna ne, ko haƙuri, ko ƙarfin hali? So nake in san ko zan iya."

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka a karatun da aka yi. Idan na fahimce ki, so kike ki auna kanki tun kafin ki shiga, ki san wane abu ne idan babu shi aikin ba zai yiwu ba. Abubuwa ukun da kika lissafa duk ana bukatarsu, amma a wurina akwai wanda ke gabansu, shi ne amana, irin wadda za ta sa majinyaci da danginsa su sake dawowa wurinki. Cututtukan da muke fama da su ba na allura ɗaya ba ne. Mai ciwon damuwa yakan ci gaba da shan magani wata shida zuwa sama bayan ya ji sauƙi, mai farfaɗiya shekaru, wani mai taɓin hankalin kuma iyakar rayuwarsa. Wanda ya zo sau ɗaya bai komo ba, duk ƙwarewar da aka gwada masa a ranar ta tafi a banza.

Halin da za ki tarar

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa ƙwararrun wannan fanni ba su kai 300 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Yawancinsu suna manyan birane, wasu kuma suna ta ficewa waje. Mu a Zamfara idan ciwo ya fi ƙarfin abin da za a iya a Gusau, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato ake nufa, ko na Barnawa a Kaduna. Daga Gusau zuwa Sakkwato kaɗai tafiyar ta haura kilomita 200. Ga kuɗin motar mutum uku ko huɗu, don irin wannan majinyaci ba a raka shi da mutum ɗaya, ga kuma fargabar hanya.

Masu bukatarmu kuwa ƙaruwa suke yi. Shekara goma da ɗoriya ke nan 'yan bindiga na tashin ƙauyuka a Zurmi, Shinkafi, Maru, Anka, Tsafe da sauransu. Duniya ta ji labarin 'yan mata 279 da aka sace a Jangebe cikin Fabrairun 2021, amma waɗanda aka ɗauka ɗaya-ɗaya daga gona ko kan hanyar kasuwa, aka sayar da shanu da hatsi aka fanso su, babu mai lissafinsu. Akwai yaran da suka tsira daga gubar dalma ta 2010 a su Bagega da Dareta, wadda ta kashe yara sama da 400, wasu sun girma da ƙwaƙwalwar da gubar ta riga ta taɓa. Sai shaye-shaye. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Najeriya kusan miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. A irin wannan hali, sau da yawa ke ma'aikaciyar jinya ce kaɗai wadda majinyaci zai taɓa gani mai ilimin ciwonsa. Idan bai yarda da ke ba, babu wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Yadda ake samun yardar mutum

Da saurare ake farawa, kuma ya fi yadda ake zato wuya, don mutanenmu ba sa zuwa su ce ransu ne ke ciwo. Da jiki suke zuwa: zafin kai, faɗuwar gaba, wani abu na yawo a jiki, kasala, abinci ba ya shiga.

An taɓa kawo mini wata mata daga wani ƙauye ta wajen Zurmi, suna zaune a wani kango cikin gari tun da aka tashe su. Ƙanen mijinta ne ya rako ta, riƙe da leda cike da kwalayen magani, na maleriya, na taifot, na olsa, na ƙarin jini. Duk abin da na tambaye ta shi ke amsawa. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, idonta a ƙasa, tana murza bakin zanenta. Abin da ya fito daga bakinta bai wuce "kaina ka zahi" ba. Sai na ce masa, "Malam, don Allah ɗan ba mu wuri, akwai tambayoyi na mata." Ban taɓa ganin namijin da ya yi musu da wannan magana ba. Na bar bayan tebur, na jawo kujera kusa da ita, na ajiye biro. Ban tambaye ta abin da ya faru ba, cewa na yi, "Yaushe rabonki da barci mai daɗi?" Ta daɗe ba ta ce komai ba, ni ma ban cike shirun ba. Can ta ce tun daren da aka shigo garinsu. Ko ƙarar babur ta ji sai ta zabura ta tattara yara, ko da rana tsaka ce. Abin da ya same ta a makonnin da ta yi a daji bai fito a ranar ba, sai da aka saba, kuma ita ta kawo zancen da kanta.

Kada ki matsa wa wanda ya ga tashin hankali a kan sai ya kwashe labari duka ya faɗa miki. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a zaunar da mutum a sa shi ya maimaita abin da ya gani da sunan rage masa nauyi, haka kuma ba ta goyon bayan a ɗora shi kan ƙwayoyin barci irin su diazepam saboda firgici. Abin da yake bukata da farko shi ne ya ji yana wurin da ba za a cuce shi ba, a bayyana masa cewa zabura da mugun mafarki da faɗuwar gaba abu ne da ke samun mutane da yawa bayan irin wannan masifa, ba hauka ba ne, kuma ana samun sauƙi.

Daga saurare sai rufin asiri. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a garuruwanmu kowa ya san kowa. Kalma ɗaya da ta suɓuce miki a gidan biki tana iya kashe aure, ko ta sa a fasa neman ƙanwar majinyaciya, don da an ji "akwai abin a danginsu" an gama. Saboda haka ba a kiran sunan ciwon mutum da ƙarfi a wurin yankar kati, ba a ɗaukar hotonsa a tura a WhatsApp ko da sunan neman taimako ne, idan kuma kun haɗu a kasuwa ki bari ita ta fara nuna ta san ki. Wuri ɗaya ne asiri ke da iyaka, idan rai na cikin haɗari, nata ko na wani. Ko a nan ma gaya mata za ki yi cewa dole ki sa wani a ciki, ku zaɓi mutumin tare.

Malam, ruƙiyya da mari

Da wuya a kawo miki majinyacin da ba a fara bi da shi ta wurin malam ko mai maganin gargajiya ba. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, wani an kai shi wurin 'yan bori a ɓoye. Dangi sun riga sun yanke cewa iska ce ko sammu. Sabon ma'aikaci yakan ji kamar aikinsa ne ya rushe musu wannan fahimta a zama ɗaya. Duk wanda ya yi haka zai ga an ce masa "to, mun gode", daga nan ba zai sake ganinsu ba. Dattijon da ya sayar da buhun gero ya kawo ɗansa bai zo don yarinya sa'ar 'yarsa ta nuna masa jahilcinsa ba.

Abin da nakan ce shi ne, "Baba, a ci gaba da addu'a, Allah ne mai warkarwa. Wannan ma sababi ne, tunda Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. A haɗa biyun, mu ga abin da Allah zai yi nan da mako biyu." Ba yaudara ba ce, haka na yi imani. Kuma wannan hanya tana da tarihi a ƙasar nan. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara tsarinsa na ƙauyen Aro a Abeokuta a 1954, inda majinyata ke zaune cikin gidajen mutanen ƙauye tare da wani nasu, ana yi musu magani, har da masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. A 2020 kuma Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi ta Ghana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya da na addini. Majinyatan da aka yi wa haka sun fi samun sauƙi.

Amma akwai inda ba na sassautawa: duka da sunan fitar da aljani, hana abinci, hayaƙin da ke shaƙe mutum, cewa a ajiye maganin asibiti, da ɗauri. Kowa ya ga yadda aka tarar da mutane a ɗaure a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na mutunci, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a tsare shi ba da son ransa ba. Ki neme ta ki karanta. Sai dai ki yi hattara da saurin hukunta iyalin da suka kawo ɗansu da tabon mari a ƙafa. Na ga uwar da ta ɗaure ɗanta tana kuka, don idan ta sake shi daji yake nufa, kuma a yanzu saurayin da aka gani yana yawo shi kaɗai a daji yana surutai, ko dai 'yan bindiga su kama shi, ko a ɗauke shi ɗan leƙen asirinsu a kashe. Faɗa ba zai cire marin nan ba. Abin da ke cire shi shi ne a samu maganin da zai kwantar da yaron, ko da allurar wata-wata ce irin Modecate, uwar ta ga canji da idonta.

Gaskiya a kan magani

Nan ne ilimi da amana ke haɗuwa, kuma nan aka fi asarar majinyata. A ba saurayi maganin taɓin hankali irin haloperidol, bayan kwana biyu wuyansa ya karkace, harshe ya fito, idanu suka kafe sama. Idan ba a faɗa wa dangi tun farko cewa hakan na iya faruwa ba, fassararsu ɗaya ce, aljanin ya yi fushi da maganin asibiti. Daga nan sai a zubar da ƙwayoyin. Alhali abu ne da ake warwarewa cikin ɗan lokaci da Artane ko allura, a kuma rage yawan maganin. Minti biyu na bayani a ranar farko ya isa ya hana wannan. Shi kansa Artane ɗin a yi hankali da shi, don samari sun mai da shi abin maye, kada a riƙa rubuta shi barkatai.

Maganin damuwa irin amitriptyline ko fluoxetine ba ya nuna aikinsa sai bayan mako biyu zuwa huɗu, illolinsa kuwa, bushewar baki ko jiri ko tashin zuciya, su ke fara zuwa. Wanda ya saba da maganin zazzaɓi mai aiki a kwana uku zai ce wannan bai karɓe shi ba. Ki faɗa masa tun da wuri. Ki kuma faɗa masa kada ya daina ranar da ya ji garau, kamar dai mai hawan jini. Ki tambayi abin da aljihunsu zai iya ɗauka kowane wata ba tare da kin kunyata su ba, domin tsohon magani mai araha da za a sha kullum ya fi sabo mai tsada da za a saya sau ɗaya. Kafin azumi ki zauna da su a tsara yadda za a mai da shan magani sahur da buɗa-baki idan likita ya ga zai yiwu, in ba haka ba da yawa za su ajiye shi shiru, a dawo miki da su bayan salla ciwo ya tashi. Macen da ke cikin shekarun haihuwa kuma a guji ɗora ta kan maganin farfaɗiyar nan sodium valproate matuƙar akwai wani, saboda illarsa ga ɗan da ke ciki.

Wani ilimin da ba a yafe wa kowa rashinsa shi ne gane ciwon jiki da ya zo da kamar hauka. Mutumin da yake lafiya lau shekaranjiya, yau bai san inda yake ba, ga zazzaɓi, abin na tsananta da dare, wannan ki fara tunanin sanƙarau, ko maleriyar da ta hau kai, ko faɗuwar suga, ko buguwa a ka. Ma'aunin zafi da na hawan jini da na suga su riga komai. Haka mai jego. Akwai taɓin hankalin da ke zuwa cikin makonni biyun farko bayan haihuwa, yana samun mace ɗaya zuwa biyu cikin 1,000, yana bukatar gaggawa don kare ta da jaririn, kuma yawanci ana warkewa sarai. Amma mai jegon da ke sambatu da zazzaɓi tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga jininta, wadda idan aka tsaya ba ta maganin kwantar da hankali kawai za a rasa ta.

Ki koyi tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Da nauyi a baki, musamman da yake kowa ya san hukuncin abin a addini, shi ya sa ma mai wannan tunani ke ɓoye shi. Nakan bi ta hanya: "Wani idan abu ya yi masa yawa yakan ji da ma ya kwanta bai tashi ba. Kin taɓa jin haka?" Tambaya ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma ajiyar zuciya za ki ji. Idan ta ce e, ba lokacin wa'azi ba ne. A samu wanda zai zauna da ita, a kwashe fiya-fiya da maganin feshin gona daga ɗakin, maganinta kuma ya koma hannun wani babba a gidan yana ba ta kullum.

Maganar mutanen gida

Taɓin hankali ba a ɗaukarsa ta zama da mai shi, ki kwantar musu da hankali. Yawancin majinyatanmu ma ba masu duka ba ne, su aka fi duka. Ƙa'idojin kare kai kaɗan ne kuma za a koya miki: kada ki keɓe da wanda ya harzuƙa, ki zauna ta wajen ƙofa, ki sassauta murya, kada ki yi gardama da abin da yake gani ko yake ji.

Abin da ke kama ma'aikaci da gaske gajiyar zuciya ce. Kullum kina jin labarin kisa da fyaɗe da kuɗin fansa, ke ma kuma a cikin jihar kike, wataƙila naki ɗan'uwan na hannun 'yan bindiga. Alamarta ita ce ki wayi gari kina jin haushin majinyata, ko labarin da ya kamata ya taɓa ki ya wuce ba ki ji komai ba. Ki samu abokiyar aiki da za ku riƙa tattauna masu wuyar ba tare da ambaton suna ba, ki karɓi hutunki idan ya zo, kada ki ba kowa lambar wayar da kike kwana da ita.

Ki sani kuma aikin na da iyaka. Ba za ki mayar wa mace gonarta ko mijinta da aka kashe ba. Akwai wanda za ki yi wa duk abin da ya dace, sauƙin da zai samu bai wuce ya yi wanka da kansa ya zauna cikin mutane ba. Mai shan tiramol ko kodin zai daina ya koma, ya sake dainawa ya sake komawa, kuma dole ranar da ya dawo ya tarar da fuskar da ba za ta sa ya ji kunyar shigowa ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, daga inda nake tsaye nake ba ki amsa. Likita ko masanin halayyar ɗan Adam zai iya jera abubuwan daban da yadda na jera.

Kafin ki tafi ƙarin karatu

Ba sai kin jira takardar ƙwarewa ba. Tun 1991 manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na da shirin mhGAP da ta ƙaddamar a 2008, wanda aka tsara don ma'aikatan da ba ƙwararrun fannin ba, irinki da irin waɗanda ake yayewa a kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe. Littafin jagorarsa kyauta ne a intanet. Ki fara da masu zuwa awon ciki da masu yawan dawowa da ciwon kai, ki ƙara musu tambaya a kan barci da abin da ke damun ransu. Cikin 'yan watanni za ki gane ko zuciyarki na ɗaukar aikin.

Ki kuma buɗe littafi na masu zuwa karɓar magani, da ranar dawowar kowa, da lambar wani nasa, da sunan ma'aikacin lafiya mafi kusa da ƙauyensu. Lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara cikin Satumban 2021, aka kuma dakatar da kasuwannin mako, majinyata da yawa sun yanke da magani, don ranar kasuwa ce suke samun motar shigowa gari. Tun daga lokacin, duk wanda ya fito daga ƙauyen da hanyarsa ke rufewa, idan ciwonsa ya lafa kuma babu fargabar zai cutar da kansa, nakan nemi likita ya rubuta masa na wata biyu, a damƙa wa wani babba a gidan. Mai karɓar allurar wata-wata kuma a rubuta masa sunanta da adadinta da ranarta a jikin katinsa, yadda ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na kusa da su zai iya yi masa idan hanya ta hana shi isowa.